Me Za Ka Nuna a Kan Gonarka? Ƙasa da Mulki a Bukkuyum, Anka da Gummi



Ranka ya daɗe mai martaba, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin Fulani, iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma da ƙannena ɗalibai, ina gaishe ku. Waɗanda suka taso daga ƙauyuka kuma, sannunku da hanya, domin duk mun san abin da hanya ta zama a ƙasar nan.

An ce in yi magana a kan dokar ƙasa da tarihin mulkin karkara. Bari in fara da tambaya. A ce gobe wani ya sauko daga mota a bakin gonarka, riƙe da takarda mai hatimi, ya ce filin nan nasa ne, ba shi aka yi. Me za ka nuna masa? Yawancinmu a Bukkuyum da Anka da Gummi amsarmu ɗaya ce. Za mu nuna layin gambar da kaka ya dasa a kan iyaka. Za mu nuna tsamiya ko ɗorawar da kowa ya san ta gidanmu ce. Za mu kira maƙwabcin gabas da na yamma, mu kira mai unguwa, mu kira dattijon da aka raba gado a gabansa. In saye aka yi, wataƙila akwai 'yar takardar da wani malami ya rubuta a fallen littafin makaranta, shaidu suka dangwala, aka naɗe a leda aka jefa ƙasan adaka. Iyakar shaidarmu ke nan. Ta yi mana aiki shekaru aru-aru, saboda mutane na zaune wuri guda, kowa ya san kowa. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne, wannan shaida tana ƙonewa tare da ƙauyukanmu, tana bin dattawanmu kabari, ba mu kuwa tanadi komai a madadinta ba.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin rigimar fili. Tarihin baka ya ce Gobirawa sun shigo Zamfara ne a matsayin baƙi masu neman wurin zama, Sarkin Zamfara ya sauke su a gonakin alƙalinsa, wurin da ya zama Alƙalawa. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara. Gidan sarauta ya yi ta ƙaura, har ya zo ya zauna a Anka cikin ƙarni na 19. Jama'a suka yi ta gangarowa kudu da yamma, suna bin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, suna saran daji suna kafa tunga. A wancan zamani ƙasa ta fi mutane yawa. Talakawa sarki ke nema, fili kam ga shi nan birjik. In uban ƙasa ya matsa maka, sai ka ɗaura wa jaki kaya ka koma ƙasar wani, a karɓe ka hannu bibbiyu, a nuna maka daji a ce sari iya ƙarfinka. Wannan damar tashi ita ce babban makamin talaka, ita ke sa mai mulki ya yi sara yana duban bakin gatari. Yau babu sauran dajin da za a nuna wa kowa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, a 1805 kuma jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu. Cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da talaka ke kaiwa kafin a saurare shi, da ƙwace dabbobin mutane. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta littafi sukutum a kan ƙasa, Ta'alimur Radi. A can ya bi hukuncin Malikiyya: wanda ya raya mataccen fili, ya sare, ya haƙa rijiya, ya dasa itace, ya fi kowa haƙƙi a kansa, kowane gari yana da hurumin itacen girki da kiwo, wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya, shugaba yana iya keɓe makiyaya, amma don amfanin jama'a. Ina roƙon malamanmu su ciro wannan littafi su karantar da shi a zaure, domin abin da muke ta nema a dokokin waje, rabinsa yana nan a rubuce tun shekara ɗari biyu. Sai dai mu faɗi gaskiya, aiki bai kamo rubutu ba. Kafin ƙarnin ya ƙare jangali ya dawo, garuruwa sun zama rabon masu sarauta, gandaye sun cika da bayi.

Ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Shugabansu Lugga bai ɓoye ba, ya ce ikon da masu mulki suka samu da takobi, yanzu ya koma hannun Ingila da takobi, har da ikon ƙasa da na haraji. Wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, ya sa aka zaunar da kwamiti a Landan a 1908 don duba ƙasar Arewa. An ji ta bakin razdanoni da 'yan kasuwar Turai, ba a ji ta manomi ko ɗaya ba. Daga nan dokar 1910 ta fito, aka sabunta ta a 1916: duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Ba zan hana dokar nan haƙƙinta ba. Ta taimaka wajen hana Turawa yanke manyan gonaki su zauna, kamar yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya, inda aka kori baƙar fata daga ƙasa mai kyau aka tura su kan tsandauri. Amma ita ce kuma ta dasa tushen da muke fama da shi har gobe: manomi yana da ikon noma, ba shi da ikon ƙasa, mai ikon kuwa yana can nesa, bai taɓa ganin gonar ba.

A aikace, mai riƙe da wuyan talaka shi ne En'e, wato hukumar gargajiya. Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi ƙarƙashin En'en Sakkwato, Sarkin Zamfara da kansa aka jera shi sahun hakimai. Haraji ya koma tsabar kuɗi, dole ka shuka gyaɗa ko auduga, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Wanda ya kasa biya ya gudu, gonarsa ta koma hannun dagaci ya ba wani. Bafulatani kuma yana wasan ɓuya da masu ƙidayar jangali. Aka shata gandun daji, aka sa malamin daji, itacen da ke tsakiyar gonarka sai ka nemi izini kafin ka sare reshensa. Saboda haka lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da abokansa ba su sha wahalar yi wa mutumin ƙauye bayani ba. Ya riga ya san haraji da aikin tilas da noman gandun sarki a jikinsa. Ya kuma san cewa in ya karɓi katin jam'iyyar, ana iya tuna cewa gonar da yake nomawa aro ce.

Bayan mulkin kai, dokar 1962 ta ɗauko ta Turawa kusan yadda take, ta cire Gwamna ta sa Minista a Kaduna. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya, wadda niyyarta mai kyau ce, amma kaɗan daga cikin wuraren aka kammala musu takardu. Sojoji suka raba En'e da kotu da 'yan doka da gidan yari a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Sannan ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba a taɓa ta sai an gyara shi kansa. Dokar ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna bisa amana. A karkara, ƙaramar hukuma na iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Gwamna na iya soke haƙƙinka don amfanin jama'a, diyya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, shuka da gini da itatuwa, ban da ƙasar kanta. Mai riƙon amanar ya tashi daga Kaduna ya koma Sakkwato, daga 1 ga Oktoba 1996 ya koma Gusau. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya.

Ga inda aka samu tsaga. Dagaci ya san iyakar kowace gona, amma a takarda ba shi da iko. Shugaban ƙaramar hukuma yana da iko a takarda, amma bai san iyakar ko ɗaya ba, wa'adinsa kuma gajere ne. Talaka bai daina zuwa wurin dagaci ba, mai kuɗi kuma ya gane hanyar sakatariya. Haka fili ɗaya ke samun masu shi biyu, ɗaya da shaidu, ɗaya da hatimi.

Wanda yake son ganin abin da wannan tsari ke iya yi, ba sai ya yi nisa ba. A 1974 aka fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, ginin ya kammala a 1978, da niyyar ban-ruwan hekta 23,000. A saman madatsa ruwa ya shanye gidaje da fadamun dubban iyalai na ƙasar Maradun, aka mayar da su kan tudu. A ƙasanta, wajen Talata Mafara da Bakura, katafila ta shiga gonaki tana baje ƙasa don a ja magudanan ruwa. Ku tsaya ku dubi wannan da idon manomi. Katafila ba ta san gamba ba, ba ta san ɗorawar wane ba. Rana ɗaya ta shafe iyakokin da aka yi shekara ɗari ana kiyayewa, ta kwashe ƙasar sama mai taki, ta tuge itatuwa. Aka hana mutane shuka damina bayan damina ana jiran a gama. Da aka zo mayar musu da filaye, wa zai ce ga inda tasa ta tsaya? Da aka zo biyan diyya, masu gona da yawa ba su ga sunansu ba. Manoma suka kai kuka, suka gaji, suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙona gidaje, Birnin Tudu ta ƙasar Bakura na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike, ciki har da Dakta Yusufu Bala Usman, sun kawo adadin da ya haura 380. Waɗannan mutane ba su ƙi ci gaba ba. Gonarsu suka tambaya, ba su kuma da abin da za su ɗaga sama su ce ga shaida.

A daidai wannan lokaci wasu suka gwada wata hanya. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, Balarabe kuma ya kafa hukumar binciken filaye wadda ta zaga tana sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki. An tsige shi a 1981, aikin bai kai inda aka so ba. Mu nan tsohuwar jihar Sakkwato ba a taɓa zaunar da mu an yi mana irin wannan tambaya ba.

Yanzu mu shigo zamanin da yawancinmu muka gani da ido. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 140. A wannan ƙidaya ta 2006 ƙaramar hukumar Bukkuyum tana da mutum 211,633, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba, ƙasar ko taƙi ɗaya ba ta ƙaru ba. Gandun da uba ya noma da 'ya'yansa goma ya rabu goma, kowane kaso ya sake rabuwa. Aka daina barin saura. Aka shiga hurumi, aka shiga burtali, aka shiga daji.

Dattawan da ke nan za su tuna yadda ake yi bayan kaka. Bafulatani ya zo ya yi sallama, mai gona ya roƙe shi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su zuba taki, a ba shi damin gero, matarsa ta shiga gida da ƙwaryar nono ta fito da tsaba. Kowa na bukatar kowa. Da takin zamani ya yawaita, musamman daga shirin bunƙasa noma na Gusau da Bankin Duniya ya tallafa a 1975, sai bukatar manomi ga shanun wani ta ragu. Ya sayi nasa shanun huɗa, ya fara tattara kara da harawa yana ɗorawa a kan itace, abin da ake bari kyauta ya zama na sayarwa. A shekarun 1990 shirin Fadama ya kawo injin ban-ruwa, bakin gulbin da shanu ke sauka da rani ya zama lambun albasa da tattasai. Wannan arziki ne, ban raina shi ba, ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ba wanda ya tsaya ya ce ga mashaya, ga hanyar zuwa gare ta. Burtali ya yi ta tsukewa har garke ba ya wucewa sai ya taɓa shuka. In an yi ɓarna, a kai ƙara, a sayar da saniya biyu ko uku, mai gona ya tashi da abin da bai kai asararsa ba, sauran ya narke a tsakanin masu sasantawa. Manomi ya koma gida yana cewa an saye shari'a, makiyayi ya koma ruga yana cewa an yi masa fashi da rana. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 sai aka ƙara da wani abu: yankan manyan filaye cikin dazuzzuka da makiyaya ana ba masu hannu da shuni da 'yan siyasa. Ba ƙage ba ne, domin a 2019 Gwamna Bello Matawalle ya ba da sanarwar soke irin wannan rabo da aka yi a makiyaya tun daga 1999. Sanarwa daban, zuwa daji da igiyar awo daban. A shekarar ce kuma kwamitin tsohon Sufeto Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya ba da rahoto cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319 a Zamfara, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce rashin burtali ya halatta wa kowa ɗaukar bindiga ba. Wanda ya kashe mai noma a gonarsa, ya sace matar aure, ya ƙone rumbu, azzalumi ne, ko me aka taɓa yi masa. Haka wanda ya tare Bafulatani a kasuwa ya yanka shi don kawai kamanninsa. Akwai satar shanu, akwai makaman da suka malalo bayan rushewar Libiya a 2011, akwai kwaɗayin kuɗin fansa, akwai raunin hukuma. Amma rigimar ƙasa da rashin adalci wajen yanke ta su ne busasshiyar ciyawar da wutar ta samu.

Sai zinariya. Tun zamanin Turawa ake haƙar ta a ƙasar nan, amma tashin farashinta a duniya wajen 2009 ya sa ƙauyuka suka koma haƙa gadan-gadan. Ana kawo dutse cikin gida, a niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san dalma na cikinsa. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a 'Yargalma da Tungar Guru nan ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka. Yara aƙalla 400 suka rasu. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar tsakar gida a kwashe, a zubo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata, bayan dogon jiran kuɗi daga Abuja. Me ya haɗa wannan da zancenmu? Dokar ma'adinai ta 2007 ta fifita haƙar ma'adini a kan sauran amfanin ƙasa, lasisi kuma daga Abuja yake fitowa. Ta ce a nemi yardar mai fili, amma wane ne mai fili a idon ofishin da bai san kowa ba sai mai takarda? Mutumin ƙauye ya ga dukiyar da ke ƙarƙashin gonarsa ba tasa ba ce a doka, sai ya haƙa a ɓoye, ya sarrafa a ɗaka, gubar ta zama rabonsa. An hana haƙa a Afrilu 2019, an ɗage hanin a Disamba 2024. Masu lasisi za su zo, kuma za su zo da taswira.

A farkon Janairu 2022 'yan bindiga suka yi kwanaki suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Kurfar Danya da Rafin Gero. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mutanen wurin suka ce sun binne kusan 200. Ba sai na ba ku labari ba, wasunku da hannunsu suka yi sutura. Abin da nake so mu kalla shi ne wanda ke da ikon ƙasa yau a wurare da yawa tsakanin Gwashi da Adabka da bakin dajin Gando. Shi ke cewa a shuka ko kada a shuka. Shi ke yanka kuɗin noma da kuɗin girbi, ya tara mutane su yi masa aiki a gonar da ya ƙwace. Harajin da Shehu ya yi wa'azi a kansa, aikin tilas ɗin da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kansa, sun dawo a bayan babur.

Da yardar Allah wannan zai wuce. Ranar da ya wuce ita nake jin tsoro, kuma ita ce ba na jin ana shiryawa. Mutane za su koma garin da suka bari shekara biyar, shekara bakwai. Wutar daji ta cinye gamba, an sare ɗorawa an yi gawayi, sabara ta rufe kunya. Mai unguwa ya rasu a gudun hijira, dattijon da ya ga rabon gado an kashe shi a masallaci, adaka ta ƙone da takardar da ke cikinta. Yaron da ya bar gari a goye zai dawo saurayi, bai san inda gonar ubansa ta fara ba. Ga kuma gonakin da aka jinginar ko aka sayar da su a wulaƙance cikin dare ɗaya don a haɗa kuɗin fansa, ba shaida sai mutum biyu, ɗayansu ya mutu. Jingina ce ko sayarwa? Nawa aka karɓa? Ga matar da ke da tumunin takaba da rabon marayunta, 'yan'uwan miji sun ce su za su riƙe. Ga Bafulatanin da bai taɓa ɗaukar makami ba, an kore shi daga mazaunin da kakansa ya yi shekara hamsin, ya dawo ya tarar an nome. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya tayar da sabuwar fitina.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan. A Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da ɗari, galibi mata da yaran Fulani. A Maris 1993 suka kafa dokar karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, aka kuma tanadi kwamitocin ƙasa tun daga babbar gunduma har ƙauye. A kwamitin ƙauye akwai mai gari, da wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa. Su ke rubuta saye da aro da jingina da gado, su ke bin burtali a kafa masa alamu na siminti. Ban ce sun huta ba, kwamitoci da yawa ba su da kuɗin aiki, kuma su ma yau suna fama da 'yan bindiga a kan iyaka. Amma mutumin Madarunfa yana da wurin da zai je a buɗe littafi. Ruwanda, wadda ta fito daga kisan ƙare-dangi na 1994 da miliyoyin masu komawa gida, ta bi filayenta ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2009 da 2013 ta rubuta fiye da miliyan goma, da hoton sama da matasan ƙauye da aka koya wa aikin. A nan gida marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, aka yi gwaji a Kano da Ondo, daga baya abin ya yi sanyi.

Ba sai mun jira Abuja ta gyara tsarin mulki ba. Dokar 1978 ɗin nan da nake kuka da ita, sashe na 36 ya ce wanda ke noma fili a karkara tun kafin dokar, ana ɗaukarsa tamkar an ba shi haƙƙin zama na gargajiya, in kuma ya kawo zane ko bayanin filin, ƙaramar hukuma ta yi masa rajista. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma. Ƙofa ce a buɗe fiye da shekara arba'in, ba mu shiga ba.

Na san abin da wasu ke rayawa: rubuta gona kiran haraji ne, kuma ranar da aka buɗe littafi, mai ƙarfi ne zai fara rubuta sunansa a kan gonar marar ƙarfi. Tsoron nan yana da tushe, an gani a wurare. Shi ya sa yadda za a yi ya fi komai muhimmanci. Kada a yi shi a ofis. A yi shi a fili, gari-gari, dagaci da liman da arɗo da sarkin noma da wakiliyar mata suna zaune, a kira gona a kira maƙwabtanta huɗu, a karanta da Hausa da Fulatanci a bainar jama'a ranar kasuwa, a bar wata guda ko biyu don mai ƙorafi ya fito. Abin da aka yi saɓani a kansa a rubuta cewa akwai saɓani, kada a yanke da gaggawa. A fara da abin da yake na kowa, burtali da mashaya da makiyaya da hurumi da maƙabarta, kafin a zo kan na ɗaiɗaiku. Rabon mace a rubuta shi da sunanta, na maraya da sunansa, ba da sunan mai riƙo ba. A yi kwafi uku, ɗaya a fada, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a ɗauke shi a waya a adana inda wuta ba ta kaiwa. Ina kuma roƙon majalisar dokokin jiha da majalisar sarakuna su duba hukunci biyu: kada a ba kowa sabon fili ko a amince da yardar haƙar ma'adini a garin da mutanensa ke gudun hijira har sai sun dawo, sannan gonar da aka rabu da ita don biyan fansa a ba mai ita damar fansarta a kan abin da ya karɓa. Malamanmu sun san babin cinikin wanda aka tilasta, su fito mana da shi.

Garuruwan da ba a iya shiga yanzu, mutanensu suna nan tare da mu, a cikin garin Bukkuyum, da Nasarawar Burkullu, da Gummi, da sansanin Anka, a kangaye da makarantu da gidajen dangi. Da su ya kamata a fara, tun da sauran dattawan da za su iya zana garinsu a ƙasa da tsinke, su ce nan gonar wane, nan ta wance, nan burtali ya bi ya sauka gulbi. Ɗalibanmu da ke zaune ba aiki suna iya riƙe biro da waya. Ranka ya daɗe, in fada ta yi kira, hakimai za su kawo dagatai, dagatai za su kawo masu unguwa, ana iya buɗe littafin gunduma ta farko kafin faɗuwar ruwan bana.